Su Wa Ke Yi Masa Yaɓe?

A shekarar 2011 na fara taka ƙasar Santambul, kuma ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Kawuna na raka sarin kaya a unguwar Laleli, ni ne mai riƙe masa lissafi. Ranar da muka gama ɗaure kaya muka miƙa wa masu jigila, sai ya ce kafin mu koma gida mu je mu ga ginin nan da ake ta ba shi labari, "na Hajiya Safiya." Haka kunnensa ya kama sunan, haka ma kunnen Hausawa da yawa ke kama shi. Sunan na Girkanci ne, Hagia Sophia, ma'anarsa Hikima Mai Tsarki, Turkawa kuwa Ayasofya suke cewa. A lokacin wurin gidan tarihi ne, ana yankar tikiti a shiga da takalmi.

Kawu ɗan magina ne. Mahaifinsa, wato kakana, da kwaɓa ƙasa da murza tubali da jera azara ya tsufa. Kawu bai gaji sana'ar ba, amma ya gaji idon. Da muka shiga, kowa ya ɗaga kai sama yana riƙe baki, shi kuwa bango ya nufa, ya ɗora tafin hannu a kan marmara, ya bi layin da aka haɗa allo da allo da ɗan yatsa. Sai da ya gamsu sannan ya dubi kubbar, ya daɗe yana kallo.

"Ɗan nan, shekarar ginin nan nawa?"

"Ta kusa 1,500, Kawu."

"To, su wa ke yi masa yaɓe?"

Na ce masa ai wannan ba ginin ƙasa ba ne da sai an bi shi da yaɓe kafin kowace damina, dutse ne da ƙonannen bulo. Ya girgiza kai ya ce babu ginin da ke kai waɗannan shekaru shi kaɗai, ko da ƙarfe aka zuba shi. Ban iya ba shi amsa a ranar ba. Shekarun da suka biyo baya, duk abin da na karanta a kan wannan gini, wannan tambayar nake bi.

Ginin da muka shiga shi ne coci na uku a wannan fili. Na farko an buɗe shi a shekarar 360, zamanin Sarki Konstantiyus na Biyu, shekara 30 bayan mahaifinsa Konstantin ya mayar da birnin sabuwar fadar daular Rum. Mutanen gari Babban Coci kawai suke ce masa. Dogon zaure ne mai jerin ginshiƙai da rufin katako, irin yadda ake gina majami'un birane a wancan zamani. A 404 aka kori babban limamin birnin, Yohanna Krisostom, wanda wa'azinsa ya ɓata wa fada rai, magoya bayansa suka tayar da tarzoma, wuta ta cinye cocin. Sarki Tiyodosiyus na Biyu ya sake gina shi aka buɗe a 415, shi ma da rufin katako. Ya yi shekara 117 a tsaye. A watan Janairu na 532 magoya bayan ƙungiyoyin tseren keken doki, masu shuɗi da masu kore, waɗanda ba sa ga maciji da juna, suka haɗa kai suka yi wa Sarki Yustiniyan bore. Shi ne tarzomar Nika. Suka cinna wa tsakiyar birni wuta, cocin ya sake zama toka, sarki kuma ya murƙushe su a filin tseren da kisan mutum kusan 30,000.

Ina yawan tsayawa a nan in yi shiru. Jinin bai gama bushewa ba aka fara aikin ginin da duniya ke sha'awa yau, a ranar 23 ga Fabrairu na 532, makonni kaɗan bayan gobarar. Sarkin da ya kusa rasa gadonsa yana son abin da zai sa a manta da tsoron da ya ji. Duk kyan wurin, daga nan ya faro, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba.

Mutum biyu ya ɗora wa aikin, Antemiyus mutumin Tiralis da Isidor mutumin Miletus. Masana lissafi da awo ne su, ba magina da suka taso a kan tsani ba. Abin da aka nema a wurinsu shi ne zaure mai faɗin da ba a taɓa gani ba, wanda wuta ba za ta sami katakon ci a rufinsa ba. Matsalar da suka fuskanta kuwa duk maginin Hausa ya san ta: ɗaki mai kusurwa huɗu ne, rufin da kake so a kansa kuma zagayayye ne, to yaya za ka zaunar da da'ira a kan murabba'i? Maginanmu suna ɗaure bakan gizo su gitta azara a kusurwoyi har tulluwa ta sami mazauni. Su kuma waɗannan suka tayar da manyan ginshiƙai huɗu na sassaƙaƙƙen dutse, suka ɗaure baka huɗu a tsakaninsu, sannan suka cike kowace kusurwa da gini mai siffar alwatika, mai lanƙwasowa ciki kamar ɓarin ƙwarya. Bakin waɗannan alwatika huɗu da kan bakunan suka haɗu suka ba da zobe, a kan zoben kubba ta zauna. Faɗinta ya kai mita 31, ƙololuwarta a yau tana da nisan fiye da mita 55 daga daɓe. Gabas da yamma suka jingina mata rabin kubba, kowace rabin kubba kuma da 'yan ƙanana a ƙarƙashinta, ta yadda nauyi ke gangarowa mataki-mataki har ƙasa, tsakiyar zauren kuma ya zauna fayau babu ginshiƙi ko ɗaya da ya tare ido.

Abin da ya fi kama ni shi ne tagogi 40 da suka kewaye gindin kubbar. In rana ta ɗago, haske yakan cinye siraran ginin da ke tsakanin taga da taga, sai ka ga kamar kubbar ba ta taɓa komai ba. Marubutan wancan zamani ma sun ambaci wannan. Ƙasa kuma bangon duk marmara ne da aka kwaso daga sassan daular: fari mai jijiyar toka daga tsibirin Marmara, kore daga Tasaliya ta ƙasar Girka, jan dutse mai duhu daga Masar, ruwan ɗorawa daga Arewacin Afirka. Sukan tsaga dutse ɗaya gida biyu su buɗe shi kamar littafi, sai jijiyoyin hagu da na dama su zama madubin juna. Wannan ne layin da Kawu ya bi da yatsa. A kawunan ginshiƙan an sassaƙa ganyaye har dutsen ya koma kamar saƙar kwando, a tsakiya kuma tambarin sunan Yustiniyan da na matarsa Tiyodora.

An buɗe cocin ranar 27 ga Disamba na 537. Shekara biyar da wata goma ke nan, kuma gaggawar ta bar tabo. Kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo kaurinsa ya kai na bulon kansa, ba a jira ya bushe ba aka yi ta ɗora masa kaya, ginshiƙan suka fara buɗewa waje tun ana cikin aiki. Kubbar farko kuma ba ta da tudu sosai, saboda haka tana tura bango gefe fiye da yadda take danna shi ƙasa. Girgizar ƙasa ta zo a 553, ta sake zuwa a 557, ranar 7 ga Mayu na 558 kubbar ta rufto a kan bagadi. Shekara 20 kacal ta yi.

Daga nan amsar Kawu ta fara bayyana. Wani Isidor ɗin, ƙarami, ɗan'uwan na farko, shi ya sake tayar da kubbar, ya ƙara mata tudu da kusan mita 6, ya yi mata haƙarƙari 40, aka sake buɗewa a ƙarshen 562. A 989 girgiza ta kayar da ɓangaren yamma, aka kira wani magini Ba'armeniye mai suna Tirdat ya gyara. A 1346 ɓangaren gabas ya faɗi, a lokacin daular ta talauce, sai da aka yi shekaru ana neman kuɗi kafin a rufe shi. Kubbar da muke ɗaga kai muna kallo yau ɗinki ce ta ƙarni uku daban-daban, na 6 da na 10 da na 14, ba ta ma cika da'ira ba in aka auna. Wanda ya hau bene ya lura zai ga wasu ginshiƙan sun karkace, ido ma yana gani ba sai an sa igiyar awo ba.

Ba na so tarihin bango ya sa a manta da mutanen da suka cika wurin. Kusan shekara 900 nan ne uwar majami'un Kiristocin Gabas. Wata dokar Yustiniyan ta 535 ta ƙayyade ma'aikatan Babban Coci da majami'un da ke ƙarƙashinsa: limamai 60, dikinoni maza 100, mata 40, mataimaka 90, masu karatu 110, mawaƙa 25, ban da masu tsaron ƙofa 100. Murya a cikin zauren takan yi kusan sakan 10 tana yawo kafin ta mutu, don haka waƙoƙin ibadarsu a hankali ake jan su. Mata suna bene, hanyar hawa benen kuma ba matakala ba ce, gangare ne na dutse mai lanƙwasa, duwatsun sun yi sulɓi saboda sawu. A bakin babbar ƙofar da sarki ke shiga, dama da hagu, marmarar daɓen ta lotsa ta yi ɗan kwari, wurin da aka ce masu gadi ke tsayawa. Na sa ƙafata a cikin lotsawar. Ban san sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya a nan ba, amma tsayuwarsu ta ci dutse. A kan dakalin benen kudu ma akwai inda wani baƙo daga ƙasashen arewacin Turai ya karce sunansa, Halfdan, da haruffan mutanensu, fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Adon farko na zamanin Yustiniyan yawancinsa zinariya ce zalla da gicciye da zanen ganye, an jera da ƙananan gutsattsarin gilashi. Hotunan mutane da aka fi sani daga baya suka zo. Su kansu Kiristocin Rum sun shafe fiye da ƙarni guda, daga wajen 726 zuwa 843, suna rikici a kan ko ya halatta a yi sura a wurin ibada, muhawarar da ba baƙuwa ba ce a kunnen Musulmi. Da masu goyon bayan hotuna suka yi rinjaye, aka yi hoton Nana Maryamu riƙe da ɗanta a can saman gabas, aka ƙaddamar da shi a 867.

Sai ɓarna. A 1054 wakilin Fafaroma ya shigo ya ajiye takardar yanke hulɗa a kan bagadin wannan coci, ranar da ake ƙirgawa a matsayin rabuwar cocin Gabas da na Yamma. A 1204 mayaƙan Yaƙin Gicciye na Huɗu, waɗanda suka fito da niyyar yaƙar Musulmi, suka juya suka afka wa birnin 'yan'uwansu, suka farfasa bagadin, suka kwashe zinariya da azurfa, har alfadarai suka shigo da su ciki don ɗaukar ganima. Shekara 57 wurin yana hannunsu. Bayan Rumawa sun karɓe birninsu a 1261 aka yi hoton nan na benen kudu, Annabi Isa a tsakiya, mahaifiyarsa da Annabi Yahaya a gefe, wanda fiye da rabinsa ya zube amma fuskokin da suka rage suna da taushin da ban ga irinsa a wani zane ba.

Ranar Talata 29 ga Mayu na 1453 Sultan Muhammadu Alfatih ya ci birnin. Mu a makaranta wannan rana da farin ciki aka koya mana ita, kuma da wannan farin cikin na shiga wurin a karon farko. Daga baya na karanta ɗaya ɓangaren: dubban mutane sun fake a cikin cocin a daren, da gari ya waye aka fasa ƙofofi, aka kashe wasu, aka kama saura bayi. Dukansu biyun sun faru a rana ɗaya, a zaure ɗaya. Abin da Sultan ya yi bayan nan shi ne ya hana a taɓa ginin, ya mayar da shi masallaci, ya yi masa wakafi mai yawa na kasuwanni da gidaje don kada ya rasa kuɗin gyara. Bai ma sauya masa suna ba. Hotunan ma ba rana ɗaya aka rufe su ba, matafiya sun ga wasunsu a fili har cikin ƙarni na 17.

A nan ne na sami babban mai yaɓen. A shekarun 1570, zamanin Sultan Salim na Biyu, ginin ya fara nuna alamun gajiya, gidaje sun manne masa ta ko'ina. Aka kira Mimar Sinan, sarkin maginan daular, yana dattijo. Ya sa aka rushe abin da ya matse shi, ya tokare bangon da manyan madogarai daga waje, aka ƙara hasumiyoyi har suka cika huɗu. Masana da yawa suna ganin ba don wannan tokari ba da wuya kubbar ta kawo yau. Sinan ya shafe rayuwarsa yana nazarin wannan gini yana ƙoƙarin ya kamo shi ko ya wuce shi, Masallacin Sulaimaniyya da ya gina shaida ne. Almajirinsa kuma ya gina Masallacin Sultan Ahmad, mai fuskantar Ayasofya, daga 1609 zuwa 1617. Siffar nan ta babbar kubba da 'ya'yanta da siraran hasumiyoyi, wadda yau muke gani mu ce siffar masallaci ce, zuriyar wannan coci ce. Bahaushen unguwar Nima da ke zuwa Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa na Ghana da ke Kanda a Akara, wanda aka buɗe a 2021 bisa tsarin na Sultan Ahmad, a ƙarƙashin jikanyar kubbar Antemiyus yake sahu.

Tsakanin 1847 da 1849 Sultan Abdulmajid ya ɗauko wasu 'yan'uwa biyu, su Fossati, daga Suwizalan. Suka miƙe ginshiƙan da suka fi karkacewa, suka ɗaure gindin kubbar da ƙarfe, suka kankare farar ƙasa suka ga hotunan, suka kwafe su a takarda, suka sake rufewa. A lokacin ne aka rataya manyan faya-fayan nan takwas, kowane faɗinsa mita 7 da rabi, da rubutun hannun Mustafa Izzat Efendi: sunan Allah, da na Manzo (SAW), da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. A 1931 gwamnatin Ataturk ta ba wani Ba'amurke, Thomas Whittemore, izinin buɗe hotunan, a 1934 aka yi dokar mayar da wurin gidan tarihi, aka buɗe a farkon 1935. In ka jera sunayen nan, Bagirke da Ba'armeniye da Baturke da mutumin Suwizalan da Ba'amurke, ba addininsu ɗaya ba, wasunsu ma da sun haɗu da ba za su ci abinci a kwano ɗaya ba. Kowannensu ya tarar da tsaga ya toshe.

Kawu ya rasu kafin in kai masa wannan amsa a cike. Allah ya jiƙansa.

Ranar 10 ga Yuli na 2020 kotun ƙoli ta harkokin mulki a Turkiyya ta soke dokar 1934, ranar 24 ga watan aka yi sallar Juma'a ta farko bayan shekara 86. Na koma a 2023, ni kaɗai. Wannan karon babu tikiti, na cire takalmi a bakin ƙofa. Daɓen marmaran nan mai kama da igiyar ruwa an shimfiɗe shi da darduma mai launin tsanwa-shuɗi, sai wani murabba'i na zagayayyun duwatsu masu launi, inda aka ce nan ake naɗa sarakunan Rum, shi aka bari a buɗe aka kewaye. Bene a rufe yake a lokacin, ban ga Halfdan ba, ban ga fuskokin benen kudu ba.

Aka tayar da sallar Azahar, na shiga sahu. Sai a lokacin na ji a jikina abin da na gani da ido a zuwan farko ban kula ba. Ginin yana kallon wajensa, alƙibla tana ɗan dama da shi, don haka mihrabin bai zauna a tsakiya ba, sahun ma a ɗan karkace yake ratsa zauren. Kana tsaye kana fuskantar Ka'aba, bangon da ke kewaye da kai yana tuna maka cewa don wata ibadar aka fara tayar da shi. Da liman ya yi kabbara, muryar ta hau ta zagaya kubbar ta daɗe ba ta sauko ba, wannan jinkirin da mawaƙa 25 na Yustiniyan suka sani. Na yi sujada a nan, kuma ba zan ce zuciyata ba ta cika ba. Ta cika har na ji ƙwalla.

Bayan sallama na ɗaga kai. Hoton Nana Maryamu an tare shi da dogayen fararen labule, amma in ka matsa gefe kana hango fuskarta ta tsakaninsu. A can baya, wajen shingen da baƙi ke tsayawa, wata dattijuwa da ɗankwali baƙi ta sami wannan kusurwar. Ba ta ɗauki hoto ba. Ta tsaya tana kallo, leɓɓanta suna motsi, ta kai yatsunta goshi da ƙirji a hankali yadda ba kowa zai lura ba. Abin da na ji a sujada, ita ma wani abu makamancinsa ne ya kawo ta, sai dai ni an shimfiɗa mini darduma, ita kuma tana leƙe ta bayan labule. Wanda ya ce mayar da wurin masallaci bai yi wa kowa ciwo ba, bai ga fuskar matar nan ba. Ina murna da sallar da na yi, ina kuma jin nauyin wannan, kuma ban sami hanyar da ɗaya zai goge ɗaya ba. Abin da na tabbata da shi shi ne, tunda amanar ta dawo hannun masu salla, hotunan nan da marmaran da ke ƙarƙashin darduma da ƙofofin da dubban hannaye ke shafawa kullum duk suna cikin amanar. A farkon 2024 aka ware wa masu yawon buɗe ido ƙofa daban zuwa bene a kan Yuro 25, don rage cunkoso a ƙasa, birnin kuma har gobe yana zaune ne a bakin layin girgizar ƙasa.

Da na fito ban nufi titi ba. Na zagaya ta yamma, wajen ƙofar shiga ta da, inda akwai wani rami da masu tonon tarihi suka buɗe a 1935. A cikinsa ragowar coci na biyu suke, na shekarar 415, wanda masu bore suka ƙona: matakala, gindin ginshiƙai, da dogayen duwatsu da aka sassaƙa tumaki a jere a jikinsu, alamar almajiran Annabi Isa 12. A zuwanmu na farko Kawu ya daɗe a bakin wannan rami fiye da yadda ya daɗe a ƙarƙashin kubba, yana cewa wanda ya sassaƙa su ya san tunkiya, dubi yadda ya yi wutsiyar. An yi yayyafi da safe, ruwa ya kwanta a lotsawar duwatsun, wata kyanwa tana kwance a kan ɗaya. Na jingina da ƙarfen shingen na shiga ƙirga tumakin ɗaya bayan ɗaya, har ladan ya kira La'asar daga hasumiya, na Sultan Ahmad ya amsa masa daga ƙetaren fili.